Tafiyata Kantabari da ɗan cocin da ya fi shekara 1,400 yana aiki

Tun da na dawo daga Ingila 'yan'uwa da maƙwabta ke ta zuwa yi mini barka da sauka, kuma kusan kowa so yake in fara masa da labarin fadar Sarki ko ƙaton agogon nan na bakin kogi a Landan. Na gan su, sun kuma isa a gani. Sai dai ni magini ne ɗan magini, na yi rayuwata ina koya wa yara aikin gini a makarantar koyon sana'a, don haka abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wani ɗan ƙaramin coci ne a kan tudu, a bayan ganuwar birnin Kantabari, ana ce masa St. Martin. A duk faɗin Ingila babu cocin da ya kai shi daɗewa ana sujada a cikinsa. Ni da na tashi a Wusasa, aka yi mini baftisma a ɗarikar Angilika, tun ina yaro nake jin sunan Kantabari a bakin limamanmu, amma ban taɓa jin wani ya ambaci wannan ɗan ginin ba, alhali kuwa daga cikinsa aka faro aikin bishara ga Turawan Ingila.

'Yata ce ta aiko mini da takardar gayyata. Tana aikin jinya a wani asibiti a Landan, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Uwata nake ce mata. Zancen jirgin sama ba sai na ja shi ba. Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai: jami'in da ya duba fasfona inda muka sauka bai ko ɗago kai ba, sai jero tambayoyi yake, wa zai ciyar da kai, yaushe za ka koma, nawa ne a hannunka. Na gaishe shi bai amsa ba. Ban ƙi a yi tambaya ba, aikinsa ne. Amma yaro sa'an ɗana ya bar dattijo tsaye da gaisuwa a baki, wannan ba tsaron ƙasa ba ne, rashin tarbiyya ne. Allah ya sa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Ranar hutun aikinta muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Victoria. Ta hana mu fita da sassafe, ta ce tikitin lokacin da ma'aikata ke rububi ya fi tsada nesa ba kusa ba, in ka bari hantsi ya yi sai farashi ya sauko. Akwai kuma jirgi mai gudu da ke tashi daga St Pancras ya isa cikin kusan awa ɗaya, namu kuwa wajen awa ɗaya da rabi yake yi, amma ya fi sauƙin kuɗi. Duk da ragin, da na buga lissafin kuɗinmu mu biyu, fam ɗaya a wajen naira dubu biyu a lokacin, sai na ga ya isa ya kai mutum Legas daga Zariya a mota ya dawo da shi har da canji. Uwata ta ce, "Baba, a nan da fam ake samu, da fam ake kashewa." Gaskiyarta, amma har yanzu ina ganin tsadar ta yi yawa ga tafiyar da ba ta kai Zariya zuwa Kano ba.

Cikin jirgin tsit, kowa ya dasa ido a wayarsa, wata mata da karenta kwance a gindin kujera ba wanda ya ce uffan. Da muka tsaya a Chatham na miƙe na leƙa ta taga. A wannan yanki ne Dorugu ya zauna, yaron nan Bahaushe na ƙasar Damagaram da aka kama bauta aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen matafiyin nan Barth har Ingila a 1855. A gidan wani ɗan mishan mai suna Schön ya sauka, kuma daga bakinsa Schön ya kwashi Hausa mai yawa da ya yi aikin nahawu da ƙamus da ita. Ashe an yi hira da Hausa a ƙasar Kent fiye da shekara 160 kafin mu zo muna tamu a cikin jirgi.

Kana fitowa daga tashar Canterbury East, ka haye wata gadar ƙafa, sai ka tsinci kanka a kan ganuwar birnin. Romawa ne suka fara gina ta a ƙarshen ƙarni na 3, aka sake tayar da ita a ƙarni na 14, kuma wajen rabinta na nan tsaye. An shimfiɗa hanya a samanta, mata na tura jarirai a keke, ɗalibai na wucewa da jakunkuna. Na tsaya na yi shiru, don ganuwar Zazzau ce ta faɗo mini a rai, yadda aka yi ta sarar ta ana buga tubali, aka yi gidaje a kanta, har yaran yanzu ba su san inda ta bi ba a wurare da dama.

A jikin ganuwar, ta gabas, akwai wata tsohuwar ƙofar Romawa da aka toshe, ana ce mata Queningate. Da kyar za ka gane ta in ba an nuna maka guntayen jan bulon da suka rage a bango ba. Mutanen garin sun ce ta nan sarauniya Berta take fita zuwa addu'a. Labarinta shi ne tushen komai. 'Yar sarkin Paris ce, Kirista, aka aurar da ita wajen shekarar 580 ga Etelbat, sarkin Kent, wanda yake bautar gumakan kakanninsa. Iyayenta suka gindaya sharaɗi cewa za a bar ta da addininta, ta kuma taho da limaminta, Bishop Liudhard. Mijin ya cika alkawari, ya ba ta wani tsohon gini a bayan gari ta riƙa sujada a ciki. Ga mutum-mutumin su biyun nan na tagulla a wani ɗan fili daura da ganuwar, an kafa su a 2006, kuma an dasa wasu alluna na tagulla a daɓen hanya, suna jan ka daga cikin gari har ƙofar cocin. Mu ma su muka bi. Muka wuce babbar ƙofar tsohon gidan sufaye, muka wuce wani gidan yari da aka rufe a 2013 wata jami'a ta saye shi, sannan muka karya hagu muka fara hawan tudu. Yayyafi ake, ga iska mai ratsa ƙashi.

Ƙofar shiga harabar ta katako ce mai ɗan rufi a kai. A ƙarƙashin irinta ake ajiye makara a da, a jira liman ya fito ya tarbi gawa. Kana shigewa sai kaburbura ta ko'ina, hagu da dama, har jikin bangon cocin, wasu duwatsun sun karkace, gansakuka ta cinye rubutunsu, ga manyan itatuwa masu duhun ganye sun yi musu rumfa. Wani saurayi na zaune a benci a tsakiyarsu yana cin burodinsa hankali kwance. Wannan ya ba ni mamaki, mu da ba ma ko son ratsa maƙabarta in ba dole. Su kuwa a wajensu matattun unguwa suna kwance ne a inda suka yi sujada, masu rai na wucewa ta gabansu kowace Lahadi.

Uwata ta nufi ƙofa saboda sanyi, na ce ta dakata. Magini ba ya shiga ɗaki sai ya zagaya bayansa. Na bi ta kudu, na isa ɓangaren da bagade yake, a nan ƙafata ta tsaya. Bangon ƙonannen jan bulo ne irin na Romawa, dogaye, sirara, kaurin kowane bai wuce yatsa biyu zuwa uku ba, an jera su sahu-sahu, kwaɓin da ke tsakaninsu kuma yana da kauri. Na ɗora tafin hannuna a kai. Wanda ya jera bulon nan ya san aikinsa, layinsa bai karkace ba. Masana sun kasu biyu a kansa. Wasu sun ce ginin tun zamanin Romawa yake, wataƙila ɗakin kabari ne, tunda su a bayan gari suke binne matattu a gefen manyan hanyoyi. Wasu sun ce a zamanin Berta aka tayar da shi da bulon da aka kwaso daga kangayen Romawa. Bede, malamin da ya rubuta tarihin ikilisiyar Ingila wajen 731, cewa ya yi an gina shi tun Romawa na ƙasar. Ko wanne ne gaskiya, bulon dai na Romawa ne, kuma yana ɗauke da rufi har yau.

A wannan bangon akwai ƙofofi biyu da aka toshe, kusa da juna. Ɗaya mai kai a miƙe, an ɗora mata wani ƙaton dutse guda a matsayin linta, ita ce mafi tsufa. Ɗayar mai baka ce, an huda ta daga baya, amma ita ma tun zamanin Saksawa, mutanen da suka mallaki ƙasar bayan Romawa. Abin da ya burge ni shi ne ba wanda ya ɓoye su. Da aka daina amfani da su an cike su da dutse, aka bar shacinsu a fili, kowa ya zo ya karanta. Haka bangon gaba ɗaya yake: nan bulo, nan dutsen ƙanƙara irin na ƙyastu, can farin dutse, kowane zamani da facinsa. Zauren da jama'a ke zama an ƙara shi ne bayan zuwan Agustin, ɗan mishan da Fafaroma ya aiko, an cuɗa dutse da layukan jan bulo. Can gabas an ƙara wa ɓangaren bagade tsawo bayan zuwan Normawa, waɗanda suka zo daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Hasumiyar ƙararrawa da ke yamma, guntuwa mai kusurwa huɗu, ta ƙarni na 14 ce, wato ita ce ƙaramar ƙanwa a gidan duk da ta haura shekara 600. Babu wanda ya zo ya ce wannan ya tsufa, a rushe a yi sabo. Kowa ya tarar da na gabansa sai ya ɗora a kai.

A ciki muka tarar da wata dattijuwa, gashinta fari fat, sanye da rigar sanyi mai kauri. Ba ma'aikaciya ba ce, 'yar ikilisiyar ce, suna karɓa-karɓa su buɗe wa baƙi na 'yan awoyi a wasu ranakun mako, ba ko sisi. Shiga ma kyauta ne. Ta tarbe mu da fara'a, ta tambayi daga inda muke. Da Uwata ta ce mata mahaifinta magini ne daga arewacin Najeriya, kuma ɗan Angilika, sai ta ajiye takardun hannunta ta ce to lallai yau ta samu wanda za ta nuna wa bango.

Ta juya mu muka fuskanci bangon yamma, inda aka kankare yaɓe aka bar ginin tsirara. Ga shacin wata doguwar baka a tsakiya, ga tagogi biyu a toshe hagu da dama, bakunansu na jan bulo. A wasu wuraren akwai ragowar tsohon yaɓe mai ɗan ja-ja, saboda an daka bulo an zuba a cikin farar ƙasar, dabarar Romawa ce. Ƙasa-ƙasa kuma akwai wata 'yar kafa da aka huda a karkace ta ratsa bango tana kallon bagade. An ce kutare da waɗanda ba a bari su shiga ba ta nan suke leƙen sujada daga waje. Na durƙusa na gwada. Zuciyata ta karaya, don na san kutare a garinmu, na san yadda ake yi da su.

Sai mazubin ruwan baftisma, wanda tsayinsa ya kai mini ƙugu, siffarsa kamar ƙaton turmi. Ba dutse guda aka fafe ba, gutsattsari ne aka sassaƙa aka haɗa. Layukan ƙasa zobba ne masu sarƙe da juna, na sama kuma ƙananan bakuna masu ratsa juna. Da na duba da kyau na ga zobban ba su yi daidai wa daida ba, wani ya fi wani, wani wurin sun ƙi haɗuwa, alamar hannu ne da kurfi ba inji ba. An daɗe ana cewa a cikinsa aka yi wa sarki Etelbat baftisma. Dattijuwar ta girgiza kai ta ce aikin Normawa ne na ƙarni na 12, ana ma zaton bakin rijiya ne aka ɗauko daga harabar babban cocin Kantabari. Haka ta yi da wani kabarin dutse a gefen bagade da ake ce wa na Berta, ta ce sarauniyar a gidan sufaye na ƙasan tudu aka binne ta. Na ji daɗin wannan hali. Tana ƙaunar wurin kamar ranta, amma ba ta yarda ta ƙara masa gishiri ba.

Muka zauna a benci ta ƙarasa mana labarin. Sunan cocin na Martin ne, sojan Roma da ya raba mayafinsa biyu da takobi ya ba wani almajiri rabi a cikin sanyi, daga baya ya zama bishop na Tours a Faransa, ya rasu a 397. Fafaroma Giregori ya aiko Agustin da sufaye wajen 40, suka iso a 597. Suka sauka a tsibirin Thanet, sarki ya karɓe su ya ba su masauki, kuma a cikin wannan ɗakin suka fara taruwa suna addu'a da wa'azi da baftisma kafin su samu izinin gina wasu. Matar nan Berta ta yi shekaru tana hawa tudun nan ita da limaminta kafin wani ɗan mishan ya iso, kuma ban ga yadda Agustin zai samu shiga fada da sauƙi haka ba in ba don ita ba. Giregori da kansa ya rubuto mata wasiƙa a 601. A shekarar kuma ya aiko da umarni cewa kada a rushe ɗakunan tsafin mutanen ƙasar in ginin mai kyau ne, a fitar da gumakan, a tsarkake wurin a ci gaba da amfani da shi, don mutane sun fi sakin jiki da inda suka saba zuwa. Na nemi izini na durƙusa na yi Addu'ar Ubangiji da Hausa. Uwata ta durƙusa kusa da ni.

Wani zai ce to ai Fafaroma ne ya aiko Agustin, ina ruwan Angilika? Haka ne, fiye da shekara 900 cocin nan yana ƙarƙashin Roma. A 1534 ne sarki Henry na 8 ya raba gari da Fafaroma, aka yi doka cewa shi ne shugaban ikilisiyar Ingila. A 1549 aka fito da littafin addu'a da Turanci, aka bar Latin. Bangon bai canja ba, mutanen unguwar ma su ne dai, abin da ake faɗa a ciki ne ya canja. Shi kuwa ƙaton gidan sufayen da Agustin ya kafa a ƙasan tudu, mai dukiya da filaye da kaburburan sarakuna, a 1538 aka rufe shi aka yi ta kwasar duwatsunsa. Ɗan ƙaramin ya tsira domin ba shi da abin da sarki zai yi kwaɗayi, kuma mutanen unguwa na bukatarsa: a nan ake yi wa 'ya'yansu baftisma, a nan ake ɗaura musu aure, a nan ake binne su.

Tambayar da ta fi damuna ita ce wa ke biyan kuɗin gyara. Na ɗauka tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, tare da babban coci da kangon gidan sufaye, gwamnati ce ke ɗauke da shi. Ta ce a'a, nauyin yana wuyan 'yan ikilisiya, da baikonsu da gudummawar baƙi da tallafin da suka nemo. Ikilisiyar Ingila na da coci wajen 16,000, kuma kowanne haka yake fama. Sannan ta faɗi abin da ya sa na ciro biro. Doka ce tun 1955, duk shekara biyar sai ƙwararren mai zanen gini ya zo ya duba kowane coci tun daga rufi har tushe. Ya hau hasumiya, ya leƙa indararo, ya duba katakon rufi ko ƙwaro ya shiga, ya rubuta rahoto: wannan a gyara yanzu, wannan cikin shekara ɗaya, wannan zai iya jira. Kuma ko liman ba shi da ikon ya fasa bango ko ya canja taga sai da rubutaccen izini daga dayosis, wato hukumar cocin yankin.

Na tambaye ta da me suke cike tsaga. Ta ce da farar ƙasa da yashi, ba a kusantar tsohon bango da siminti, domin siminti yana kulle danshi a ciki, dutsen ya riƙa ruɓewa ta baya. Wallahi kamar ta shiga zuciyata. Abin da na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibai da masu gida ke nan game da ginin ƙasa. Mutum ya gaji soro daga kakansa, maimakon ya yi masa yaɓe da makuba ya gyara indararo kafin damina, sai ya lafta masa siminti don a ce ya waye. Shekara kaɗan simintin ya kumbura ya ɓalle, ruwa ya riga ya cinye tubalin ta ciki, sai a ce ai ginin ƙasa ba ya ƙarko. Ba ƙasar ce ta gaza ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kakanninmu sun san abin da bangonsu ke so.

Kuma ba wai ba mu da abin adanawa ba ne. Cocin St. Bartholomew na Wusasa, da aka gina da ƙasa a 1929 lokacin da mishan ta tashi daga cikin birnin Zariya, maginan Hausa ne suka ɗaure bakunansa da azara, irin ginin da ba za ka same shi a Kantabari ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, Turawa masana gini suna zuwa takanas su auna bakan gizonsa su yi rubutu a kai. A watan Agustan 2023 wani ɓangarensa ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya ji ƙansu. Duk Bazazzagi, Musulmi da Kirista, ya ji wannan rashi a jikinsa. Ina zaune a bencin nan ina ta tunanin da a ce muna da al'adar nan ta duba kowane tsohon masallaci da coci da fada duk bayan 'yan shekaru, a rubuta, a bi abin da aka rubuta. Ba kuɗi ne mai yawa ba, tsani ne da fitila da mutumin da ya san aiki. Na kwafi jerin abubuwan da mai duban ke bi, kuma na riga na kai wa kwamitin cocin unguwarmu.

Akwai abin da ya sosa mini rai a can ɗin ma. Na tambaye ta yawan masu zuwa sujada ranar Lahadi, ta ce ba su da yawa, kuma akasarinsu sa'o'inta ne. An ma haɗe ikilisiyar da ta St. Paul da ke kusa, suna raba liman. Ta faɗa ba tare da ƙorafi ba, amma na ga damuwa a fuskarta, don ta san in babu matasa wata rana ba mai riƙe makullin. Na san kuma akwai saɓani mai zafi tsakanin shugabannin ikilisiyarmu ta Najeriya da na Kantabari a shekarun nan. Ba shi ya kawo ni ba, ita ma ba ta tayar da shi ba.

Lokacin rufewa ya yi har ya gota, ba ta ko dubi agogo ba. Ta ciro fulas daga jakarta ta zuba mana shayi a murfinsa da wani kofi, ta ɓare biskit mai citta ta miƙo. Abincin ranarta ne ta raba da mu. Na ciro kuɗi in ba ta, ta ɗaga hannu ta nuna mini akwatin baiko a bakin ƙofa. Da za mu fita ta riƙe hannuna da hannayenta biyu ta ce in gaishe mata da 'yan'uwa na Wusasa. To ga saƙonta na isar. Ta kuma ce kada mu sauka sai mun hau can ƙarshen maƙabartar. Daga nan kana hango hasumiyar babban coci ta taso a kan rufin gidajen gari, tazarar da ba ta fi tafiyar minti goma sha biyar ba.

Yunwa ta koro mu cikin gari. Kifi da soyayyen dankalin da ake ta yabo, kifin sabo ne babba, ba laifi, amma lami, daga gishiri sai ruwan tsami. Da Uwata ba ta taho da ƙullin yaji a jaka ba da ban iya cinyewa ba. Kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da gida guda yini biyu a wajenmu. Ruwan kwalba ma sai ka saya da tsada, alhali na famfo kyauta ne in ka san ka tambaya, kuma ba wanda zai gaya maka. Inda na ci riba shi ne wani shagon gwanjo na masu taimakon marasa lafiya. Mutane ke kawo kayansu kyauta, a sayar, kuɗin ya tafi ga jinya. Na samu kwat na ulu mai nauyi, ko maɓalli bai ɓace ba, fam takwas. Ba a ciniki, abin da aka rubuta shi ne, amma mai shagon ta ninke mini shi da kyau ta yi godiya har sau biyu. Mutanen nan ba sa gaisuwa a hanya, maƙwabci na iya wuce maƙwabci kamar bai san shi ba, amma ba sa tsallake layi, kuma in mutum ya taka ka shi zai riga ka ba da haƙuri. Na fi son gaisuwarmu, ina kuma so a ce mun ɗauki layinsu.

Kangon gidan sufayen mun zagaya shi a gurguje. Tushe ne da guntayen bango a cikin ciyawa. A nan na ji cewa wani ɗan Afirka ta Arewa mai suna Hadiriyan ya shugabanci gidan wajen shekara 40 tun daga kusan 670, yana koyar da Latin da Girkanci. Babban cocin kuwa kuɗin shigarsa a lokacin ya kusa fam ashirin, amma mai zuwa sujada ba ya biya, sai muka jira addu'ar yamma. A cikinsa aka kashe Akbishop Thomas Becket a 1170, a cikinsa kuma aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop ranar 29 ga Yuni 1864, baƙar fata na farko da ya zama bishop a Angilika. Waƙar yaran cocin ta yi daɗi ƙwarai. Girman wurin ya fi ƙarfin ido, ga gajiya, ban riƙe abu mai yawa ba.

Da dare muka koma Landan. Sauran kwanakin na yi su ne da jikoki, sai wata Lahadi da muka je cocinsu, inda rabin jama'ar 'yan Najeriya ne da Gana. Na sauka a Abuja da asuba na kamo motar Zariya, na tarar kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na bar shi.